Yadda ake haɗa ƙarin memori a saka wa tsohuwar Amiga 500

Idan ka kifar da kwamfutar Amiga 500 a kan tebur, za ka ga wani murfin roba a ƙasanta wanda ba a ɗaure da kusa ko ɗaya ba. Kamfanin Commodore ne ya bar wannan ƙofar da gangan tun da ya fitar da injin a 1987, don mai shi ya iya ƙara masa memori ba tare da ya kwance komai ba. Injin yana zuwa da kilobayit 512. Ɗan fanel ɗin da ake zurawa ta ƙofar yana ƙara wasu 512, sai a tashi da megabayit ɗaya cif. Wasanni irin su Dungeon Master ba sa tashi sam in babu shi, kuma mai zane da Deluxe Paint zai yi ta cin karo da ƙarancin wuri da zarar hoton ya fara girma.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce a nan Gusau, kuma Amigar da na yi wa wannan aikin ta kawuna ce, tsohon malamin makaranta, wanda ya sayo ta a Ingila lokacin da ya je kwas. Yanzu ana samun fanel ɗin a matsayin kit, wato allo da kayansa a warwatse cikin leda, kai za ka haɗa da hannunka. Ana yin odarsa ta intanet. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kit ɗin ba shi ne abin tsoro ba. In ya ƙone, sai a sake oda. Amma aisi (IC) na musamman da ke cikin injin, wato Agnus da Denise da Paula da Gary, na Commodore ne, kuma kamfanin ya durƙushe tun Afrilun 1994. Kada ka sa ran za ka tsince su a tiren wani mai kayan rediyo a kasuwar Gusau ko Sabon Garin Kano. Duk gwaje-gwajen da zan ɗora maka a nan don kare waɗannan ne.

Fara da injin, kafin ka buɗe ledar

Da farko ka tabbatar wace iri ce a hannunka. Akwai A500, akwai kuma A500 Plus da ta fito a 1991, kuma jikinsu kusan ɗaya ne. Kunna ta ba faifai a ciki. In ka ga farin sikirin da hoton hannu riƙe da faifan filofi, an rubuta 1.2 ko 1.3, to A500 ce ta asali, ita ce muke magana a kai. In ka ga sikirin mai launin shunayya da faifai yana shiga ramin diraib, wannan Kickstart 2.04 ne, wato manhajar tashi da ke cikin wani aisi na injin, wanda Plus ke zuwa da shi, sai ka duba tambarin jikinta da kyau. Plus tana da megabayit ɗaya tun daga kamfani, kuma fanel ɗin da ya fi dacewa da ita na megabayit ɗaya ne, ba wannan ba.

Sai ka dubi akwatin wutarta, wannan mai nauyin da ke zaune a ƙasa. Wadda ta zo daga Ingila ko sauran ƙasashen Turai wutarta ɗaya da tamu, kuma hotonta PAL ne, irin wanda talabijin ɗinmu ke karɓa. Wadda ta zo daga Amurka kuwa ta wuta 110 ce, in ka cusa ta kai tsaye a soket ɗin bango ka gama da akwatin. Akwatin yana fitar da wuta kala uku: bolt 5, da 12, da 12 ta baya. Ta 5 ɗin ita ce rayuwar memori, kuma ana son ta tsaya tsakanin 4.75 da 5.25. Hanya mafi sauƙi ta auna ta yayin da injin ke aiki ita ce ta ramin maus, inda ƙafa ta 7 ke ɗauke da 5, ta 8 kuma ƙasa ce. Ƙafafun nan biyu maƙwabtan juna ne, don haka ban yarda a tura bakin mita kai tsaye cikin ramin ba, hannu na iya gocewa ya haɗa su. Nemi kan wayar wani mataccen maus ko joyistik mai rami tara, ka fiddo wayoyin biyu waje nesa da juna, ka auna a can. Akwatin da ya haura shekara talatin yana iya ba da wuta fiye da kima, kuma wanda ke ba da 5.5 ba a ɗora masa sabon kaya sai an gyara shi ko an sauya.

Ka kuma tabbatar injin yana tashi lafiya yau, kafin ka taɓa shi. Saka faifan Workbench, wato babbar manhajar gudanar da Amiga, ka bar shi ya buɗe, ka rubuta a takarda lambar da ke saman sikirin, wadda ke nuna memorin da ya rage. Za ka buƙace ta an jima.

Daga nan ka kashe, ka zare filogi, ka kifar da injin a kan tawul, ka sa bakin sukundireba mai faɗi a ɗan ramin gefen murfin ka ɗaga a hankali. Robar ta tsufa, zafinmu kuma ya ƙara busar da ita, 'yan kunnuwan da ke riƙe murfin suna karyewa da wuri. In ramin fanko ne, madalla. In kuwa ka tarar da wani akwatin gwangwani a ciki, wannan shi ne A501, fanel ɗin Commodore na asali, kuma ka zare shi yau ɗin nan ko da ba ka da niyyar saka wani. A cikinsa akwai batir mai caji na 3.6 da aka yi wa agogo. Irin wannan batir in ya tsufa yana zubar da ruwa mai cin tagulla, ya bi layukan fanel ya mayar da su kore, har ya gangaro zuwa tsinkayen injin kansa. Haska tocila a kan tsinkayen nan 56 da ke jere layi biyu a cikin ramin. In ka ga kore ko farin gari a jikinsu, ɗiga ruwan khal fari kaɗan a buroshin haƙori ka goge, domin abin da batirin ya zubar kishiyar tsami ne, tsami ke kashe shi. Bi da sifirit, ka bar shi ya bushe sarai. In wani tsinke ya lanƙwashe, miƙe shi da ƙaramar filaya, sau ɗaya, ba a yi ta kai shi ana dawo da shi ba.

Abin da ke cikin ledar

Zazzage kayan a faranti mai baki, ba a kan tebur ba, don ƙananan kan gangara su ɓace. Yawancin kit ɗin yau yana da aisin memori guda huɗu masu ƙafa 20. Lambarsu ta kan ƙare da 4256 ko 4C256: Toshiba na rubuta TC514256, Samsung KM44C256, Hitachi HM514256, Fujitsu MB81C4256, duk aikinsu ɗaya. Kada a ruɗe ka da 41256, mai ƙafa 16, wanda tsohon A501 ya yi amfani da guda goma sha shida nasa. Lambar da ke bayan ɗan layin, irin su 12 ko 10 ko 80 ko 70, saurin aisin take nunawa, kuma duk waɗannan sun wadatar da injin da ke tafiya a megahaz 7.09. Akwai soket huɗu da aisin za su zauna a ciki, da ƙananan kafasito masu lamba 104 a jiki, da babban kafasito ɗaya ko biyu, da dogon kanekta mai rami 56, wani lokaci da ɗan makunni na kashe ƙarin memorin. In kit ɗin mai agogo ne, za ka ga ƙarin aisi mai ƙafa 18, galibi MSM6242B na kamfanin Oki, da kiristal mai lamba 32.768, da dayod, da 'yan rezisto, da gidan batir CR2032. Ƙirga komai ka gwada da takardar da ta zo da shi kafin ka kunna ayan.

Kayan aiki ba su da yawa: ayan mai siririn baki, dalma siririya mai fes a ciki, ƙarin fes, kata, mita mai ƙara, sifirit, buroshi, da wayar tagulla mai tsotse dalma. In ayan ɗinka mai saiti ne, ajiye shi wajen digiri 330. Dalmar 63/37 tana narkewa a 183, don haka wannan ya isa ba tare da ya ɗaye tagullar fanel ba. Babban ayan na gyaran radiyeta ko wayar fanka ba na wannan aikin ba ne.

Akwai abubuwa uku da suka shafe mu mu mutanen nan musamman, waɗanda takardar kit ba za ta gaya maka ba.

Na farko hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Gusau ta kan bushe har ka ji tartsatsi in ka cire riga ko ka taɓa ƙofar mota. Wannan tartsatsin dubban bolt ne, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma ya isa ya raunata aisin memori. Mafi muni, ba lallai ya mutu nan take ba, sai ya riƙa aiki yau, gobe ya rikice. In da hali, ka yi aikin da damina ko da sassafe. In dole sai da hunturu, yayyafa ruwa a daɓen siminti, cire takalmin roba, sa rigar auduga, nisanci kafet da darduma ta roba, kuma ka ɗaura igiyar hannu mai rezisto megohm ɗaya a ciki wadda aka jona da ƙarfen da ya shiga ƙasa. Aisin su zauna a baƙin sosonsu har lokacin da za a dasa su.

Na biyu wutar ayan. Gidaje da shaguna da yawa babu wayar at a soket ɗinsu, ga janareta, ga ayan mai araha da ke yoyon wuta zuwa bakinsa. Sa mita a AC, ka auna tsakanin bakin ayan da ƙarfen ƙasa. In ka ga lamba mai yawa, ka sauya ayan. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa nake son kit mai soket: duk zafi da yoyon ayan a kan soket za su ƙare, aisin ba ya kusa.

Na uku dalmar kanta. Mu a Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dalmar da muke narkawa a shago ƙarfe ɗaya ne da waccan. Kada ka riƙe ta da baki don hannunka ya cika, kamar yadda na sha ganin yaran shago suna yi. Kada ka ci goro ko ƙosai a teburin. Tattara 'yan guntayen da suka zuba ka zuba a kwalba mai murfi, wanke hannu da sabulu kafin ka ɗauki yaro, kuma kada ka yi wannan aikin a tsakar gida inda masu rarrafe suke.

Haɗawa

Ƙa'idar ita ce daga gajere zuwa dogo, don in ka kifar da fanel tebur ya danne maka abin da kake liƙawa. Rezisto da farko, ba su da gaba da baya. Sai dayod, shi kuma yana da: zoben da ke jikinsa ya dace da layin da aka zana a fanel. Wannan dayod ɗin ƙarami ne amma aikinsa babba. Tsohon batirin mai caji ne, injin na tura masa wuta kullum. CR2032 ba a cajinsa, in aka tura masa wuta yana kumbura ko ya fashe, dayod ɗin ne ke tare hanyar. Kafin ka liƙa shi, sa mita a ma'aunin dayod: ta gefe ɗaya ya nuna lamba tsakanin 0.2 da 0.7 gwargwadon irinsa, ta ɗaya gefen kada ya nuna komai.

Yadda ake liƙin shi ne, bakin ayan ya taɓa ƙafar da zoben tagullar a lokaci guda, ka ƙirga biyu, ka kawo dalma ta ɗaya gefen ta narke a jikin ƙafar ba a bakin ayan ba, ka janye dalma, sannan ka janye ayan. Liƙi mai kyau yana ƙyalli, ya hau ƙafar ya tsuke sama kamar jinkar rumbu. Wanda ya dunƙule ya yi gululu, ko ya yi fari-fari da ƙuraje, bai kama ba, ƙara masa fes ka sake ɗumama shi.

Sai soket. Kowanne yana da ɗan yanka a gefe ɗaya, kuma zanen fanel ma yana da shi, su fuskanci wuri ɗaya. Liƙa ƙafa biyu na kusurwoyin da ke kallon juna, juyo ka duba ko ya kwanta daram, in ya ɗaga ka danna da yatsa kana ɗumama kusurwar, sannan ka bi sauran. Kafasito 104 ba su da gaba da baya, ka zaunar da su kusa da fanel ka datse ƙafafun. Babban kafasito mai siffar gwangwani kuwa farin layin jikinsa shi ne ɓangaren ƙasa, doguwar ƙafa ita ce ta wuta. In irin ɗan rawayan nan ne na tantalam, lamarin ya juya, alamar jikinsa wuta take nunawa, kuma in aka saka shi a juye yana kamawa da wuta. Kiristal ba ya son zafi, ka yi masa taɓi ɗaya a kowace ƙafa ka wuce.

Kanekta mai rami 56 shi ne inda aikin yake, kuma a nan na fi daɗewa. Shi kaɗai ne ke riƙe fanel a cikin injin, shi ne kuma hanyar da duk wani kuskurenka zai bi ya isa wurin Agnus da Gary. Duba takardar kit ka tabbatar a wace fuskar fanel yake zama, domin kit ya bambanta, kuma cire ƙafa 56 bayan an liƙa su ba ƙaramar wahala ba ce, sau da yawa fanel ɗin ba ya tsira. Zura shi, liƙa ƙafa ɗaya a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Tsaya. Ɗaga fanel ɗin daidai idonka ka duba ta gefe: kanektan ya kwanta sambal, ba ya kallon sama ko ƙasa, ba gefen da ya fi wani ɗagawa. In ya karkace ko da kaɗan ne, fanel zai shiga a karkace, ya riƙa tura tsinkayen injin, murfin kuma ya ƙi rufuwa. Yanzu ne gyaransa yake da sauƙi, ƙafa biyu kawai za ka ɗumama. In ka gamsu, bi sauran, kana tsallake ɗaya kana dawowa, don zafi kada ya taru wuri guda ya narkar da robar. Tsakanin ƙafa da ƙafa milimita 2.54 ne kawai, dalma kaɗan ta isa. Sauri kan haifi nawa, in hannunka ya fara rawa ka ajiye ayan ka sha ruwa.

Da ka gama, wanke bayan fanel da sifirit da buroshi har ragowar fes ta fita. A garinmu wannan ba kwalliya ba ce, fes mai danƙo yana kama ƙura, ƙura kuma in damina ta zo tana shan laima ta zama hanyar wuta.

Awo kafin a dasa aisi

Yaron shagona ya ga fanel ya yi kyau, ya ce, "Maigida, a saka mu gani mana." Na ce masa injin Kawu ba mita ba ne, da mita ake gwaji.

Ɗauki hoton bayan fanel da wayarka, ka buɗa hoton sosai, ka bi layi-layi. Ido kan tsallake siririn zaren dalma da ya haɗa ƙafa biyu, kyamara ba ta tsallakewa. Sai ka sa mita a ma'aunin ƙara. A kowane soket na memori, in yankan yana sama, ƙafa ta 1 tana hagunsa, ana ƙirgawa a gangara ta hagu har 10, a tsallaka dama a hau har 20. Ta 10 ita ce wuta, ta 20 ƙasa. Ɗora mita a kansu. In ya yi ɗan ƙyas ya yi shiru, kafasito ne ke cika, ba komai. In ya riƙe ƙara, akwai shot, wato layin wuta ya haɗu da na ƙasa, kuma wannan fanel ba zai kusanci injin ba sai ka gano inda yake. Bayan haka ka bi ƙafafun kanekta biyu-biyu, kowace da maƙwabciyarta ta gefe da ta bayanta. Wasu a ƙarshen layin da gangan aka haɗa su, na wuta ne da na ƙasa, za ka ga faffaɗan layin tagulla ya game su. Duk inda mita ya yi ƙara ba ka ga irin wannan layin ba, tsotse dalmar ka sake. Ka kuma gwada cewa ƙafa ta 10 ta dukkan soket huɗun suna jin juna, haka ma ta 20.

Yanzu aisi. Sabon aisi ƙafafunsa a buɗe suke fiye da ramin soket. Riƙe shi ta gefuna biyu, kwantar da layin ƙafafun a kan tebur, ka ɗan danna su shigo ciki, ka juya ka yi wa ɗaya layin. Ɗora shi, ka tabbatar kowace ƙafa ta sami raminta, sannan ka danna da babban yatsa a tsakiya. Duba ta gefe, domin ƙafa kan naɗe ta shige ƙarƙashin aisin, daga sama kuma ka ga kamar ta shiga. Yankan aisi ya bi yankan soket. Ga masu gyara da suka saba da aisin 74, ku lura, a can ƙafar ƙarshe ce wuta, a wannan memorin kuwa ƙafar ƙarshe ƙasa ce. Wanda aka dasa a juye wuta za ta shige shi ta baya, cikin daƙiƙu kaɗan ya yi zafin da zai ƙona yatsa, ya mutu. Duba huɗun, ka sa wani ma ya duba maka. Batir shi ne na ƙarshe, gefen da aka rubuta alamar tarawa yana sama.

Sakawa da gwaji

Makunnin Amiga 500 a jikin akwatin wuta yake, ba a jikin injin ba. Kashe shi, ka zare wayarsa daga bayan injin gaba ɗaya, ka cire maus da wayar talabijin. Kwantar da fanel a cikin ramin, bakin kanekta yana kallon tsinkayen. Kafin ka tura, haska tocila ka tabbatar da abu biyu: tsinken farko yana gaban ramin farko, na ƙarshe yana gaban na ƙarshe, kuma layin sama yana gaban layin sama. Babu abin da zai hana fanel shiga a goce da tsinke ɗaya, ko layi ɗaya ya shiga ɗaya ya rage a waje, kuma a tsinkayen nan akwai mai ɗauke da wuta 12. In ta faɗa layin da ba nata ba, abin da ake gudu ya faru. Tura da yatsu biyu a gefuna biyu, daidai wa daida, har ya zauna. In ya yi tauri fiye da kima, janyo ka sake dubawa. In kit ɗin yana da makunni, ka tabbatar yana a kunne, don shi ne ke sanar da Gary cewa akwai ƙarin memori.

Juyo da injin, jona komai, kunna ba faifai, hannunka na kan makunni. Sikirin zai yi toka mai duhu, toka mai haske, fari, sannan hannu da faifai. In ka ji ƙauri, ko fitilar wuta ta ƙi kamawa, kashe nan take. In sikirin ya tsaya a kore, injin yana cewa memorinsa na asali ba ya amsawa, kuma tunda ɗazu lafiya yake, fanel ɗinka ne ke danne layukan da suke rabawa, wato shot ko gocewar kanekta. Rawaya na nufin furosesa ya ci karo da kuskure tun kafin ya gama tashi, sau da yawa aisi ɗaya ne bai zauna ba. Ja na Kickstart ne, ba ruwansa da fanel sai dai in jijjiga ta ɗaga aisin daga soket ɗinsa. A kowane hali ka zare fanel ka gwada injin shi kaɗai tukuna. Duk lokacin da ka kashe, ba shi kamar rabin minti kafin ka sake kunnawa.

In hannun ya fito, kashe, taɓa bayan aisin huɗun da yatsa bayan ka taɓa ƙarfen ƙasa. Ɗumi-ɗumi daidai ne, wanda ya fi 'yan uwansa zafi abin tuhuma ne. Sai ka tashi Workbench ka dubi lambar sama. Ya kamata ta haura wadda ka rubuta da kusan 524,288, wato 512 sau 1,024. A Workbench 1.3 buɗe Shell, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta Avail, za ka ga layin chip, wato memorin asali, da layin fast, kuma layin fast da a da sifili ne yanzu ya cika. Kada sunan ya sa ka zaci injin zai ƙara gudu. Wannan memorin yana zaune a adireshin C00000, yana bin hanya ɗaya da memorin asali ta hannun Agnus, don haka saurinsu ɗaya, kuma hoto da sauti ba sa iya amfani da shi. Amfaninsa shi ne manhaja ta koma can, ta bar wa hoto da sauti na asalin.

Ganin lamba ba shi ne lafiya ba. Injin ba ya bincika kowane gurbi lokacin tashi. Nemi Amiga Test Kit, manhajar kyauta ta Keir Fraser, ka sa a faifai ko a Gotek, na'urar da ke maye gurbin diraib ɗin filofi, in an saka wa injin, ka zaɓi gwajin memori ka bar shi yana zagayawa. Ni na fi son a yi wannan da rana tsaka, murfi a rufe, na awa ɗaya ko biyu, domin a watan Afrilu zafin nan kan haura digiri 40, kuma liƙin da bai kama sosai ba sai ya ɗumama yake nuna halinsa. In kuskure ya fito, manhajar tana nuna wane bit ne cikin 16. Kowane aisi bit huɗu yake ɗauka, don haka ka musanya wuraren aisi biyu ka sake gwadawa: in kuskuren ya bi aisin, shi ne mara lafiya, in ya tsaya inda yake, liƙin soket ko na kanekta ne. Yi gwajin a kan inbata ko sitabilaiza, don kada rawar wuta ta sa ka zargi fanel a banza.

Agogo kuwa, a Shell ka rubuta Date da kwanan wata da lokaci, sannan SetClock save. Kashe injin, sha shayi, kunna, rubuta SetClock load da Date ka gani ko ya riƙe. SetClock ɗin da ya zo da Workbench 1.3 na asali yana rikicewa da shekarun bayan 1999, akwai gyararre da aka fitar daga baya, shi za ka kwafa a faifanka.

Za ka ji ana maganar mayar da wannan ƙarin ya zama memorin chip, injin ya sami megabayit ɗaya na hoto da sauti. Gaskiya ne ana yi, amma a injin da babban fanel ɗinsa Rev 6A ne mai Agnus 8372A, sai an buɗe shi gaba ɗaya, an yanka layin JP2 an sake liƙa shi ta ɗaya gefen, an kuma yanke JP7A. Mai tsohon Agnus 8371 ba zai iya ba ko an yanka. Ban ba wanda wannan ne aikinsa na farko shawarar ya kai reza kan babban fanel ba, kuma yawancin wasannin zamanin an rubuta su ne don 512 na asali da 512 na ƙofa, suna tafiya lafiya a haka. Wanda yake buƙatar chip mai yawa don manyan zane ko sautukan manhajar kiɗa ta ProTracker, ya fara karanta lambar da ke bayan Agnus ɗinsa da wadda aka buga a gefen fanel kafin ya yanke shawara.